Bakin da Ya Riga Hoto

Makarfi, Litinin 5 ga Nuwamba 1962, da hantsi

Jiya muka dawo daga zagayen ƙasar Ikara, mota ta jigata, mu ma mun jigata. Ashafa, direbanmu, wanda kuma shi ke kunna injin majigi, ya rantse ba zai taɓa sitiyari ba sai jibi. Ni aikina na baki ne. In tsaya gefen farin ƙyalle da makirufo a hannu, hoto na wucewa ina gaya wa jama'a abin da suke gani. A ofishinmu na Zariya mai bayani ake ce da ni, a ƙauye kuwa Sama'ila Majigi, har dagatai haka suke kirana.

Na buɗe littafin nan ne don in riƙa zuba ra'ayina game da finafinan da muke yawo da su, tun da ba don in faɗi ra'ayina aka ba ni makirufo ba.

Bari in fara da na auduga, ɗan lelen ofis. Ya ishe ni. Manomin cikinsa da farar riga yake shiga gona, da ita yake fitowa fes, ko ƙaiƙayi bai taɓa shi ba. A Ikara wani tsoho ya ɗaga murya daga baya ya ce, "Malam, wai gonar tasa ce, ko gaisuwa ya zo?" Da ƙyar na haɗiye dariya na ci gaba da yabon taki. Na labarai kuma ba sai an faɗa ba: manya su sauko daga jirgi, a yi musafaha, a yanka zare da almakashi, su koma jirgi. Tun da muka sami mulkin kai, abin da ya sake a fim ɗin nan huluna ne kawai.

Na gaya wa Ashafa ƙwan injinsa ya soma mutuwa, hoto na fita dishi-dishi. Ya ce sabo ne, watan jiya aka sa. To, ai ko a sabo ana samun na banza.

Laraba 7 ga Nuwamba, bayan azahar

Matata Hajo ba ta taɓa ganin majigi ba. Tana yarinya bai kai garinsu ba, da ya kai kuma tana ɗakina, matar ma'aikaci a cikin gari kuwa ba ta fita filin kallo. Amma babu fim ɗin da ba ta sani ba, domin duk dawowata sai ta shimfiɗa tabarma ta ce, "To Malam, kunna." In kwashe mata tun daga farko, har da muryoyi. Ga ta da ra'ayi, kai ka ce ita ta haɗa su.

Yau na sake mata na ban dariya, na ƙaton nan da ke son ɗora akuya a kan keke ya kai kasuwa. Ina son fim ɗin nan, ba na ɓoyewa. Ba ya koya wa kowa komai, ba ya raina wa kowa hankali, kuma a cikinsa ne kaɗai nake yin shiru in bar mutane su yi dariyarsu. Hajo kuwa akuyar take tausayi. Wai a nemo wanda ya ɗauki hoton a tambaye shi ko an ba ta dusa bayan an gama.

Hanta ta gasa mini yau ma. Na ce ko mahaucin ya zama ɗan'uwanta ne? Ta ce an ce tana maganin dundumi. Na ce wa ke dundumi a gidan nan? Ta ce, "Butar alwala ce, Malam. Da magariba ba ta ganin hanya, kullum sai ta shiga ƙafarka."

Ban yi dariya ba. Na dai cinye hantar.

Lahadi 11 ga Nuwamba, da rana tsaka

Jiya na je Zariya. Malam Mamuda, shugaban sashenmu, ya ce sabon fim na tafe daga Kaduna, a kan kurkunu da ruwan sha. A Kudan za a fara nuna shi farkon watan gobe, shi da kansa zai zo, da baƙi. Ya miƙo mini takardar bayanin fim ɗin, bugun tafireta, ya ce in haddace. Na ninke na sa aljihu. Ya ce ba zan duba ba? Na ce sai na natsu a gida. Tafiretar ofishin nan ma tawadarta ta tsufa.

Da yamma na shiga silima a Sabon Gari, aka yi mana biyu, na kaboyi da na Indiya. Kaboyi dai ba su da tarbiyya. Mutum ya shigo gari a kan doki, ba sallama, ba ina gajiya, bai nemi mai gari ba, sai ya tura ƙofa da ƙafa. Yaya ba za a yi harbe-harbe ba? Ga shanu garke-garke, amma har aka tashi ba wanda ya tatsi ko ƙwarya ɗaya. Da Fulanin Kurmin Kogi za su gani, da sun yi kuka. Abu ɗaya na yaba, dawakinsu a ƙoshe suke, ana ji a sukuwarsu.

Na Indiya ya fi kama ni, ko da yake tsawonsa ya wuce hankali, kuma mutum ya rasa ubansa, maimakon ya zauna karɓar gaisuwa sai ya hau dutse yana waƙa. Amma suna da wata hikima. Kiɗansu na gaya maka komai. Ko ka rufe ido ka san mugu ya shigo, ka san uwa ta gane ɗanta. Na gwada. Na daɗe ina gwadawa.

A bencin gaba na zauna, wurin da a da nake cewa na 'yan tasha ne.

Talata 13 ga Nuwamba, da rana tsaka

Na fito da takardar Malam Mamuda tsakar gida, inda rana ta fi ƙarfi. Kan maganar kawai na samu. Sauran kamar an watsa gero a tabarma. Littafin nan ma sai da rana nake taɓa shi, kuma rubutuna ya yi ƙiba, shafi ba ya jimawa.

Kurmin Kogi, Juma'a 16 ga Nuwamba, bayan an sauko daga masallaci

Jiya filin makaranta ya cika. Tsarinmu kullum ɗaya ne: labarai, akuya, auduga, sa'an nan na agana a ƙarshe. Na agana shi ne fim ɗin da nake girmamawa. Babu ɗan wasa a ciki. Yara ne na gaske da ƙuraje na gaske, da wata uwa zaune bakin bukka, wadda mai ɗaukar hoton ya daɗe a kan fuskarta, ita kuwa ko ta kansa ba ta bi ba. In na zo wurin nan sassauta murya nake yi, in ce a kai yara a yi musu lambar rigakafi, in yi shiru. Finafinan nan duk suna kaina. Daga ƙarar inji na san inda aka kai.

Akwai wata tsohuwa a garin nan, Iya Hassana, makauniya ce tun kafin a haife ni. Ba ta fashin majigi, kusa da lasifika take sa a zaunar da ita. Da safen nan na je gaishe ta kamar yadda na saba. Muka gaisa, ta tambayi Hajo, ta tambayi gajiyar hanya, sai ta riƙe hannuna ba ta saki ba.

"Ɗan nan, tun yaushe?"

Na ce, "Me fa, Iya?"

Ta ce, "Da can mutane ke fara dariya, kai ka biyo su da magana. Jiya kai ka riƙa kayar da ƙaton nan tun bai faɗi ba. Ka ce akuya ta tsere, sai da na ja numfashi kafin yara suka yi ihu. Bakinka ya riga hoto."

Na ce sabo ne, aiki ya zauna mini. Ta ce, "Haka ne." Ta shafa bayan hannuna, ta ce in na tashi koyon sanda kada in bari a yanko mini mai nauyi.

Asabar 17 ga Nuwamba, da hantsi

Tsohuwa ce, ba ta da aiki sai saurare. Kuma ni ban tambaye ta ba.

Talata 20 ga Nuwamba, da rana tsaka

Akwai wani tsohon fim a akwatinmu da ba mu cika nunawa ba, na ƙasar Turawa lokacin sanyinsu. Jiya Ashafa ya jona shi don akwai sauran wuri a faifan fim. Ban taɓa son sa ba. Fari fat, sama fari ƙasa fari, mutane na yawo a ciki kamar ƙudaje a nono. An taɓa tambayata ko gishiri ne, me ya sa kuma ba sa kwashewa. Ba shi da labari, ba shi da fuskar da za ka riƙe.

Kwanan nan duk finafinan sun soma kama da shi.

Taba, Juma'a 23 ga Nuwamba, da hantsi

Ba zan rubuta abin da ya faru jiya ba.

Makarfi, Asabar 24 ga Nuwamba, da rana tsaka

In ban rubuta ba zai ci gaba da cina.

Ashe dagacin Taba ya roƙi Ashafa a sa na agana kafin na auduga, saboda masu lamba za su zo washegari, mata kuma da wuri suke kwashe yara su tafi. Ashafa ya ce ya ɗago mini gwangwanin fim ɗin daga inda yake, na kuma gyaɗa kai. Wataƙila na gyaɗa. Kwanakin nan ina yawan gyaɗa kai.

Aka gama na akuya, mutane na share hawayen dariya, inji ya ɗauka, ni ma na ɗauka. Da muryar nan tawa ta kasuwa na ce, "Jama'a, ku dubi albarka! Ku dubi yadda ta fito bana, ta fashe, ta yi fari, ba masaka tsinke. Duk wanda ya bi shawarar ma'aikata, haka tasa za ta yi."

Ban taɓa jin fili ya yi irin wannan shiru ba. Na ɗauka sanyi ne, na ƙara murya, na ce a tsince ta a hankali, a ware mai kyau daban. Sai wata mata daga baya ta ce innalillahi, da irin muryar da ba a yin ta sai an tuna wani. Bara agana ta shiga Taba ta ɗebi yara. A ƙyallen, bayan wani yaro ake nunawa.

Ashafa ya kashe inji. Na ji shi yana ba dagaci haƙuri, wai laifinsa ne, shi ya kafa ƙyallen a karkace yadda Malam ba ya hangowa daga inda yake tsaye. Ƙarya yake yi, kuma saboda ni. Ya sake kunnawa daga farko, na yi bayani daidai, amma rabin matan sun tafi. Ban san yara nawa ne ba a kai wa masu lamba ba saboda bakina. Wannan ne ya hana ni cin abinci, ba kunyar ba.

Muka iso gida. Da zan sauka sai ya zagayo ya buɗe mini ƙofa, abin da bai taɓa yi ba. Na ji haushinsa ƙwarai.

Lahadi 25 ga Nuwamba, bayan azahar

Hajo ta shimfiɗa tabarma jiya ta ce in kunna. Na ce inji ya lalace. Ta ce to ko na kaboyin nan marasa sallama. Na daka mata tsawa, na ce ta ƙyale ni da zancen fim, ita da ba ta taɓa ganin ko ɗaya ba. Ta naɗe tabarmarta.

Da magariba na lura babu komai tsakanin ƙofar ɗakina da bakin rijiya. Turmi, kwando, kujerar tsuguno, har butar, duk an jingine su jikin bango. Ban san tun yaushe take yin haka ba.

Talata 27 ga Nuwamba, da rana tsaka

Na taka zuwa wurin masu mazarƙwaila a bayan gari, don kada zama ya kashe ni. Na daɗe ina sauraren dokin da ke juya injin matse rake. Ba ya bukatar kallon gabansa, ƙafarsa ta san zagayen. Haka zai yi ta yi lafiya lau, har ranar da aka matsar da injin.

Kudan mako mai zuwa. Takarda na nan a aljihu.

Juma'a 30 ga Nuwamba, kafin masallaci

Jiya da hantsi na ji motar majigi ta tsaya a ƙofar gida. Ashafa ya yi sallama, muka gaisa, ya ce sabon fim ya iso, kuma inji na yi masa wata ƙara da bai gane ba, yana son ya gwada shi a wuri mai duhu. Wai duk Makarfi bai ga zauren da ya kai nawa duhu ba. Kafin in ce wani abu ya jawo waya daga mota, ya toshe ƙofa da bargo, ya rataya ƙyalle. Sa'an nan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Malam, da za a yi wa uwargida izini ta zo ta gani. Fim ɗin na mata ne, ra'ayinsu zai yi amfani." Ya koma bayan injinsa ya ba mu baya.

Hajo ta shigo a lulluɓe ta zauna kusa da ni. Inji ya ɗauka. Ni abin da nake gani haske ne yana motsi, kamar an kunna fitila a bayan zani. Na ji ta ja numfashi, ta kama gefen rigata. Can ta ce, "Malam, ashe duk toka-toka ne?" Ban taɓa gaya mata ba. Ni da nake ba ta labari har jar hular ƙaton nan nake faɗa.

Na ce, "Me ake yi yanzu?" Ban san lokacin da maganar ta fita daga bakina ba. Duk shekarun nan ban taɓa yi wa kowa wannan tambaya ba.

Ba ta yi mamaki ba, ba ta ko juyo ba. Ta ce, "Wata mata ce ta nufi tafki da tulu. Kai, wannan ba ta taɓa ɗiban ruwa ba. Ko gammo babu, ta rungume tulun kamar za a ƙwace mata. Ga shanu tsaye a cikin ruwan. Ta ɗiba. Wayyo, a haka za ta ba yaron. Yanzu mijin ne kwance, an naɗe masa kurkunu a tsinke, gonarsa duk ciyawa. Ga wata ta shigo, to wannan ce 'yar ƙauye ta gaske, daga ɗaurin zaninta ka sani. Ta ɗaura farin ƙyalle a bakin randa tana tace ruwan."

Haka ta yi ta yi har faifan ya ƙare. Ashafa ya ce bai gama gane ƙarar ba, sai an sake. Aka sake, aka kuma sakewa, har aka kira azahar. Injin nan lafiyarsa ƙalau, kowa a zauren ya sani.

Da ya tafi na tambaye ta yaya ta ga majigi. Ta ce, "Ashe ɗan wannan ne. Naka ya fi." Na shiga ɗaki na turo ƙofa, don kada ta ga abin da ya same ni.

Lahadi 2 ga Disamba, da rana tsaka

Ra'ayina game da na kurkunu, tun da don haka aka buɗe littafin nan: ya fi na auduga nesa ba kusa ba, amma bai kai na agana ba. Ƙarshensa ya yi gaggawa, rijiya ta ɓullo kamar daga sama, ba a nuna waɗanda suka haƙa ba. Hajo ce ta lura da wannan, na kuwa yarda da ita.

Tana tankaɗe tana yi mini bita, in na tsallake wuri ta buga rariya. Mun shirya da Ashafa, duk inda hoto ya sauya zai ƙwanƙwasa gwangwani da sifana, ni kuma ba zan buɗe baki ba sai na ji. Bai tambaye ni dalili ba.

Laraba 5 ga Disamba, da rana tsaka

Kudan ta cika jiya, har kan katanga. Malam Mamuda da baƙinsa na kan kujeru a gaba. Na yi bismilla. Ƙwas, in ji gwangwani, na bi. Da aka zo wurin tulu na ce, "Ga baiwar Allah ta tafi ɗiban ruwa, ko gammo babu, ta rungume tulu kamar za a ƙwace mata." Sai dariya ta tashi daga can baya, ɓangaren mata. Tun da na fara aikin nan maza nake ba dariya, wannan ban taɓa jin ta ba. Kuma ba su tashi ba har aka gama. Wata ma ta aiko a tambaye ni ko ɗankwali zai yi tacen in babu farin ƙyalle.

Bayan an watse Malam Mamuda ya kira ni gefen mota. Ya ce baƙi sun yaba, zancen gammon nan babu shi a takarda amma ya fi duk abin da ke cikinta. Ya ce a Kaduna ana neman wanda zai riƙa duba sababbin finafinai yana rubuta musu bayani, kuma sunana zai bayar.

Da na ce na gode, da shi ke nan, in ci gaba da gyaɗa kai har in sake yin irin ta Taba. Na ji Ashafa ya daina naɗe waya. Na tuna muryar matar nan ta Taba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba na gani."

Ga shi na rubuta. Ban ga ƙyallen Kudan ba, ban ga na Taba ba, rabona da ganin fuskar mutum a fim tun damina. Na gaya masa duka, har da wadda ta lura da gammon. Sa'an nan ya ce akwai asibitin ido a Kano, zai ba ni hutu, sauran magana sai abin da likita ya ce. Bai yi mini alkawarin makirufo ba, ni ma ban roƙa ba. Abin da na roƙa a sake kai na agana Taba, ya ce za a kai.

Tsoro nake ji, ba kaɗan ba. Amma yau na ci tuwo har na nemi ƙari.

Tashar Yari, Litinin 10 ga Disamba, da rana tsaka

Muna jiran motar Kano. Ashafa ne ya kawo mu. Shi zai riƙe makirufo kafin a ga abin da Allah zai yi, na kuwa gargaɗe shi ya bar akuya ta yi aikinta, kada ya cika ta da surutu. Na ce in sun je Kurmin Kogi ya gaishe mini da Iya, ya ce mata ban yanko sandar ba tukuna.

A hanya ni ne a tsakiya, Hajo a bakin taga. Rabonta da hanyar nan tun ranar da aka kawo ta gidana. Tun daga bakin kasuwa ta fara, ba wanda ya sa ta: ga jakuna da rake, ga masu auduga sun yi layi kuma ba mai farar riga ko ɗaya, ga wani ya ɗaure rago a bayan keke, "Malam, wallahi irin na fim ɗinka, sai dai wannan ragon ya haƙura." Tana da gaggawa, tana cusa ra'ayinta a ko'ina, rabin abin da take faɗa kuma ya wuce kafin ta rufe baki. A ofis ba za a ɗauke ta ba.

Wajen wata gada ta yi shiru tana hutawa. Na jira, na jira. Sai na ce, "To Hajo, kunna."